Baƙar Mota Mai Ƙofa Biyu

Baba bai taɓa kallon fim saboda mutanen da ke cikinsa ba. Idan jarumi ya tsaya surutu, ko ya fara yi wa wata mace kallon da bai dace ba, sai Baba ya ce, "Ke, wuce da shi," ni kuma in danna bidiyo, mutane su yi ta tsalle-tsalle har sai mota ta bayyana. Umma ta daɗe tana yaba masa wannan tsantseni kafin ta gane ba tsoron Allah ne kaɗai ba. Ko malami aka nuno yana wa'azi, wucewa za a yi da shi.

Motocin da yake so iri ɗaya ne, tsofaffin motocin Amurka masu dogon hanci da faffaɗan ƙirji, waɗanda injinsu ke gurnani tun ba su motsa ba. Bai san sunan fim ko ɗaya ba. Kaset ɗin da yake arowa a shagon wani ɗan Yaman a unguwarmu ta Mahjar, da launin mota yake kiran su: na koriya, na ja mai ratsi, na baƙa. Idan aka nuno motar ta yi sama ta dira a kan hancinta, sai ya dafe kai ya ce, "Inna lillahi! Ɗan banza, ka kashe mata ƙafa!" Idan jarumin ya fito daga cikinta yana kakkaɓe riga, mu yara muna murna ya tsira, Baba tsaki yake yi. Motar yake yi wa ta'aziyya.

Tun da ya zo daga Sudan yana saurayi, aikinsa ɗaya ne a tashar jiragen ruwa ta Jidda: sauko da sababbin motoci daga cikin jirgi zuwa filin ajiya. Motocin da ya tuƙa ba su ƙirguwa, amma kowacce daga cikin jirgi zuwa fili ne kawai, ya miƙa makulli ya koma ya ɗauko wata. Da yamma a bas ɗin ma'aikata ake dawo da shi gida.

Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu ba a yi wa kunyar ɗan fari rangwame ba. Ƙannena suna hawa wuyan Baba suna ja masa gemu, ni kuwa "ke" ce, ko "yarinyar nan". Idan na ci jarrabawa, Umma yake gaya wa ta ce an gode. Abin ya ci mini rai ina ƙarama, har na sha kuka a kansa a banɗaki. Sai dai lokacin fim, idan ƙannena sun gaji sun watse, Baba yakan fuskanci talabijin ya fara yi mata bayani. "Ji wannan sauti. Silinda takwas ke nan. Ba a taka irinta da garaje." Talabijin ba ta taɓa tambayarsa ba, kuma ni kaɗai ce a falon.

Ina sakandare Baba ya sayi tasa motar. A tashlih ya samo ta, wato filin da ake zubar da matattun motoci ana sayar da kayan jikinsu. A bayan wata babbar mota aka kawo ta ƙofar gidanmu, ba taya biyu, ba gilashin baya, fentinta ya koɗe har ba a san launin da aka haife ta da shi ba. Umma ta leƙo ta taga ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, mota ka sayo, ko sallar gawa aka ce mu yi mata?"

Shekaru motar ta yi a ƙarƙashin tamfol. Kyanwoyin Mahjar sun haihu a cikinta, jikokinsu ma sun haihu. Umma ta shanya barguna a kanta. Iskar teku tana cin ƙarfenta ta gefe ɗaya, Baba yana kankarewa ta ɗaya gefen. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya tuɓe farar riga ya shige ƙarƙashinta, ƙafafunsa kawai ake gani. Ma'aikatan jirgi da ya saba da su suna kawo masa ƙananan ƙarafa daga ƙasashen da suka je, a naɗe cikin jarida. Ranar da injin ya fara tashi, maƙwabta fitowa suka yi a guje, sun ɗauka tukunyar gas ce ta fashe a gidan wani. Daga baya ya yi mata baƙin fenti, ya kai ta aka duba lafiyarta aka ba ta takardu, amma ban da wannan bai taɓa wuce gidan man unguwa da ita ba. Duk wanda ya tambaye shi yaushe za a fita yawo, sai ya ce tana jiran ranarta.

Da aka sa ranar aurena muka san ranar da take jira. Ba ni ya gaya wa ba, Umma ya gaya wa, ni kuma ina kicin ina jin komai. Ya ce a baƙar mota za a kai amarya gidan mijinta a Madain Fahd, kuma shi zai tuƙa.

A wurinmu uba ba ya kai 'yarsa gidan miji. Nasiha yake yi mata a ɗaki, ya sa mata albarka, ya fice daga gidan kafin a fara koke-koke, sauran aikin na gwaggonni ne da innoni. Balle 'yar fari. Umma ta san wannan rigima ta fi ƙarfinta, sai ta aika aka kira Gwaggo, yayar Baba, wadda tun a Sudan ita ke yanke hukunci a danginmu, kuma jikinta ya yi daidai da muƙaminta.

"Aib! Abin kunya!" in ji Gwaggo, tun ba ta gama zama ba. "Kai ya zol, kai mutumin nan, ka rasa abin da za ka jawo mana sai wannan? Uba da kansa ya ɗauki 'yarsa ya kai? Me dangin miji za su ce?"

"Yaya, ni ba a matsayin uba zan je ba," in ji Baba. "Direba ne. Amarya ba ta tafiya sai da direba."

"Direbobi sun ƙare a Jidda?"

"Mafi mushkila, ba matsala. A kawo wanda zai iya tada ta, in ba shi makulli."

Gwaggo ta amince da wannan sharaɗi, don a ganinta mota mota ce. Aka fara turo masu gwaji. Abokin ango ya zo da ƙamshin turare da baƙin tabarau, yaron da bai taɓa tuƙa mota mai giyar hannu ba. Ya murɗa makulli har hannunsa ya yi ciwo, motar ko tari ba ta yi ba. Aka kira maƙwabcinmu direban tirela, shi ma ya fito yana share gumi yana cewa, "Wallahi ya sheikh, wannan aljanu gare ta." Baba ya shiga ya zauna, ya gyara riga, ya murɗa sau ɗaya, tagogin unguwa suka ɗauki rawa. Ina leƙe ta bayan labule, kuma na ga inda hannunsa na hagu ya fara zuwa a ƙarƙashin sitiyari kafin ya murɗa makullin. Ban gaya wa kowa ba.

Gaskiya ni ma da farko ba haka na tsara ba. Ƙawayena duk a farar mota mai sanyi aka kai su, da furanni a goshinta. Tawa kuwa baƙa ce, ba na'urar sanyaya, kuma ƙamshin kyanwa bai gama barin kujerunta ba duk turaren wutar da Umma ta banka mata. Amma na ga yadda Baba yake goge ta da yamma yana magana shi kaɗai, na gane mutumin nan shekaru ya yi yana nemo hanyar da zai raka ni ba tare da an ce ya raka ni ba. Tsorona ɗaya, kada Gwaggo ta canza shawara.

Sai ga wata sabuwa. Fitilun motar suna aiki ne in sun ga dama, don haka Baba ya ce bayan la'asar za a kai amarya, da sauran rana. Matan Jidda, waɗanda ba sa ɗaukar biki a bakin komai sai dare ya raba, suka yi ca. Wata ta tambayi Umma ko asibiti za a kai ni. Gwaggo ta ce halas, shi ke nan, tunda an fara abin kunya a ƙarasa shi da wuri kowa ya huta.

Ranar da za a tafi aka gano abin da babu wanda ya yi tunaninsa, har Baba. A duk finafinan da muka kalla, ba mu taɓa ganin an saka gwaggon kowa a kujerar baya ba. Motar ƙofa biyu gare ta, sai an kifa kujerar gaba mutum ya sunkuya ya kutsa. Ni na shiga lafiya da lulluɓina, na zauna a bayan kujerar direba. Inna, ƙanwar Umma, ta biyo ni da ƙyar. Gwaggo ta ce al'ada ce ta zauna a gefen amarya, ta sa kai da kafaɗa, sauran jikin ya ƙi bin su. Ta kasa shiga, ta kasa fita. Mata biyu suka kama ta suna ja, tana zagin Amurka da duk wanda ya ƙera mota a cikinta. Daga ƙarshe aka zaunar da ita a gaba, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Ni da ya kamata in yi ta kuka, dariya nake dannewa a cikin mayafi, Inna tana bubbuga bayana tana cewa in yi haƙuri, kowace mace da haka ta bar gida.

Muka tashi da gurnanin da ya sa yaran unguwa ihu. Na ɗauka yau Baba zai rama duk shekarun da ya yi yana kallon wasu suna gudu. Ina! Tafiya yake kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Motocin 'yan rakiya suka jeru a bayanmu suna ta hon. Wani yaro a kan keke ya wuce mu, ya waiwayo ya ɗaga mana hannu.

"A fim ɗin naku ma haka suke tafiya?" in ji Gwaggo.

"Su ai ba amarya suke ɗauka ba, Yaya."

Tsakanin Mahjar da Madain Fahd ba wata tafiya ba ce, amma Baba ya ce hanyar da aka saba akwai ramuka, ya zagaya da mu ta wajen tashar jiragen ruwa. Zafi ya cika motar, kwalliyar da aka ɓata rabin yini ana yi mini ta fara gangarowa wuyana. Da muka zo daidai inda ake hango manyan ƙugiyoyin sauke kaya, ya rage tafiyar da dama ba ta da sauri, ya ce wa gilashin gabansa, "Ta can nake shiga da safe." Ban taɓa ganin wurin aikinsa ba sai ranar. Na ɗaga gefen mayafi na kalla har muka wuce.

Lungun gidan mijina matsattse ne. Baba ya raɓa motar jikin bango ta gefen Gwaggo, har ƙofarta ba ta da wurin buɗewa, ya kashe inji. Dangin ango suka kewaye mu da guɗa. Hanyar fita ɗaya ce ta rage, sai direba ya sauka ya kifa kujerarsa. Direba kuwa ya riƙe sitiyari da hannu biyu, bai motsa ba.

"Malam, yalla, sauka mana, ana jiran mu," in ji Inna.

"Sai injin ya huce."

"Me ya haɗa hucewar inji da buɗe ƙofa?"

Wata daga cikin dangin ango ta fara ƙwanƙwasa gilashi. Gwaggo ta juya ta kalli ƙanenta, na ce yau sai ta wanke shi tas a gaban surukai. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta miƙa wuya ta tagarsa ta daka wa matan tsawa.

"Ku ja baya mana! Ba ku ji abin da direba ya ce ba? Injin bai huce ba!"

Suka ja baya, guɗar ta lafa. Muka zauna mu huɗu cikin zafi, ƙarfen injin yana ƙas-ƙas a hankali. Ta madubin gaba na hango idanun Baba, sun yi ja. Dariyar da nake ta dannewa tun daga gida ta tafi, kukan gaske ya zo, irin wanda ba a yi don al'ada. Ina son mutumin nan, kuma ban taɓa samun bakin gaya masa ba.

Ya buɗe ƙofa ya fita, ya kifa kujerar, ya kawar da fuskarsa wajen hancin motar. Na sunkuyo zan fito, sai na ji tafin hannunsa a tsakiyar kaina, ya kare ni kada in bugi bakin rufin.

"A hankali," ya ce. "Rufin gajere ne."

Na fito, na miƙe tsaye a kan ƙafafuna, rufin yana can bayana. Hannun bai ɗaga ba sai da matan suka zo suka janye ni.