Gaiwa a Gindin Randa

A shekarar da fari ya ƙone mana gero tun bai fid da kai ba, ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karatun kimiyyar halittu. Malaminmu na darasin kifaye ba ya maimaita magana. Ya ce kowa ya kawo dabba mai rai ya nuna ɗabi'arta a gaban aji, wanda ya zo hannu Rabbana kuwa sai baɗi. Ni kuma na san Baba ba zai iya sake riƙe ni wata shekara ba.

Na zaɓi gaiwa, kifin nan da ke nutsewa cikin laka idan ruwa ya ƙafe, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta yi ta barci har damina. Na koma ƙauyenmu a ƙasar Minjibir, na yi ta haƙar busasshen kududdufi har hannuna ya yi bororo. Da ƙyar na samu ɗaya, na ciro ta da curin ƙasarta.

A gidan kuwa an manta rabonmu da nama. Inna ta dubi curin ta ce, "Wato kifi ne a ciki, mu kuma muna fama da miya lami?"

Na ce, "Karatu ne, Inna."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Ban yarda da wannan addu'ar ba. Na ɓoye curin a ɗakina, ina gadinsa kamar kaza da ƙwai, ina jiran motar Kano ta ranar kasuwa.

Ana gobe tafiya na shiga ɗaki, babu curi. Na fito tsakar gida ina nemansa. Ashe Inna ce ta ji ɗakin ya yi zafi, tausayi ya kama ta, ta mayar da shi gindin randa inda ke da sanyi. Randa kuwa tsatsafo take yi. Laka ta jiƙe ta dare, ga gaiwa ta farka tana buɗe baki. In ba a sa ta a ruwa ba fatarta za ta bushe, ba za ta kai gobe ba. Abin da ya rage a randa na shan mutanen gida ne, rijiya kuma ba ta tara ruwa sai da safe.

Inna ta ɗauko wuƙa, ta ce, "Tunda ta tashi, kar a yi biyu babu."

Na sha gabanta. Yunwar nan ni ma ina jin ta.

Sai ga Baba da butarsa zai yi alwalar la'asar. Ya dubi wuƙar, ya dubi kifin.

"Tana da rai?"

"Tana da shi, Baba."

"Kawo daro."

Na kawo, na sa gaiwar a ciki. Ya juye butar a kanta har ɗigon ƙarshe. Ya nufi jikin katanga, ya yi bisimilla, ya buga tafukansa a busasshiyar ƙasa, ya shafi fuskarsa.