Amsar Dutse da Sandar Eriya

Gidanmu na unguwar Coal Camp a gindin tudu yake, tudun kuwa ya tsaya tsakaninmu da ƙarfen gidan talabijin na Enugu. Tun da aka koma amfani da dikoda hotonmu bai sake zama ba. Mutum yana cikin magana sai fuskarsa ta farfashe, ya sandare baki buɗe, allo ya yi baƙi. Wannan fitina ce ta dawo mini da kakata Inna Goshi, wadda ta rasu tun ban yi aure ba.

A tsakar gidan nan take hura wutar kwal bayan magariba, ta ɗora kaskon gyaɗar da za ta kai unguwar Ogui talla washegari. Mu jikoki mu kewaye ta, har da 'ya'yan maƙwabtanmu Ibo, don suna jin Hausa tsaf. Ba ta ɗaga murya. "Ga ta nan," take cewa, "mai kunne ya matso, ni ba mai shela ba ce."

Akwai tatsuniyar da ta fi yawan yi mana. Rijiyar wani gari ta ƙafe, aka aiki Gizo ya tambayi tsohon Dutse inda ruwa ya koma. Shi Dutse daga can cikinsa magana ke tasowa, sai ta ɗauki lokaci kafin ta fito. Gizo ya yi tambaya ta gabas, ya ji shiru, ya ruga yamma ya sake. Amsar farko ta fito ta gabas, ba kowa a wurin. Haka ya yini yana zagaye, ya koma ya ce Dutse kurma ne, kowa ya ɗaure kaya a bar garin. Ƙoƙi matarsa ta ce ba inda za ta. Ta je ta yi tambaya sau ɗaya, ta shimfiɗa zane ta zauna. Masu ƙaura suna wucewa suna yi mata dariya.

A nan Inna takan yi shiru, ta shiga juya gyaɗa.

"Inna, sai me ya faru?"

"Kai Sani, jinin Gizo ne kai. Ni ma Dutsen nake jira."

Sai gyaɗa ta yi ja sannan Dutse ke magana, ya ce ruwan yana ƙarƙashin zanen da take zaune a kai.

Bana jikarmu Hauwa'u ta ci musabaƙar karatu ta makarantun Islamiyya, aka ce tashar garin za ta nuna ranar Juma'a da la'asar, sau ɗaya. Maƙwabcina Chidi mai walda, wanda da shi muka ci gyaɗar Inna, ya leƙo ta katanga ranar Juma'ar ya same ni da gorar da na ɗaura wa eriya.

"Alhaji, bar wahalar da ƙashinka. Kai da matarka ku hau gidan ɗana a kan tudu, can hoto tar yake."

"Hajiya Ladi za ta hau tudun da wannan gwiwar?"

"To kai ka je, ka dawo ka ba ta labari."

"A ɗakin nan aka yanke wa yarinyar cibi, a ɗakin nan kakarta za ta gan ta."

Na saba da tsohuwar talabijin, wadda kana murɗa sanda hoto yake sauyawa nan take. Shi ya sa nake murɗawa ina ci gaba, matata Ladi tana kira ta taga: "Ya zo... ya tafi." Tun kwanakin baya nake yi mata faɗa, ina cewa ita ce ba ta faɗa da wuri. Ranar ma na soma, sai ta ce, "Malam, da bakina nake faɗa, ba da waya ba. Kai ne ba ka tsayawa."

Na ji kunya, don gaskiyarta ce. Dikoda sai ta yi jim kafin ta nuna abin da ta kamo, ni kuwa kafin nan na wuce wurin. Na murɗa kaɗan, na tsaya. Shiru. Hannuna yana ƙaiƙayin ƙarawa, na hana shi. Hadari ya taso, iska tana kaɗa gorar, na rungume ta da ƙirjina.

"Kada ka motsa, Malam. Ga ta nan."

Muryar Hauwa'u ta fito ta taga, siririya, ba yankewa. Yayyafi ya sauko. Chidi ya tsallako da lema ya riƙe a kaina yana cewa taurin kaina ya fi ƙarfen da yake narkawa. Ban saki ba har ta kai aya ta ƙarshe.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar haƙuri ce. Yanzu na ga Ƙoƙi ƙin tashi ta yi, ta ƙi yarda a ce wanda ke gindin dutse ba shi da rabon amsa. Ban ga fuskar jikata a allo ba. Ladi ta gani, kuma har yau in ta ba ni labarin farin mayafin da yarinyar ta yafa, ina barin ta ta kai ƙarshe.