Mai Goge Rijiyoyi

Ina zaman jira a ofishin ruwa, teburin wata ma'aikaciya na dab da ni. Tabarau ya zamo mata kan hanci, shayinta ya huce. Kwamfutarta cike take da ɗige-ɗige, kowanne rijiya ce, layuka sun haɗa ta da makaranta, asibiti da gonaki. In rijiya ta ƙafe, ita ke goge ɗigon.

Ta daɗe a kan ɗaya.

"Yaya, goge mana, rahoton ake jira," in ji abokin aikinta.

"Na ji."

Tana murza tafin hannunta mai tsohuwar kanta, irin ta jan guga. Ina zaton ruwan rijiyar nan ta sha ta girma.

Ta danna. Layukan suka ɓace, makarantar ta rage ita kaɗai.