Malam Nu'umanu, Mai Yi wa Takardu Sallama

Shekara talatin da ɗaya, kullum da hantsi Malam Nu'umanu Yelwa kan jingine kekensa a wani ofishin jin daɗin jama'a a Tambuwal, ya buɗe kabad ɗin ƙarfe, ya ce, "Assalamu alaikum." Ba kowa a ɗakin. Mu abokan aikinsa mun sha yi masa dariya, sai ya ce rabin sunayen da ke cikin takardun nan na mamata ne, kuma suna ji.

Jiya ya yi ritaya. Ni dariyata ta ƙare tun ranar Ikram.

Kaltume, matar Malami na Kebbe, ita ta ɗauko yarinyar daga Nijar bayan rasuwar iyayenta. Uwar yarinyar aminiyar Kaltume ce. Shekarar Ikram biyar, kuma tun da aka ƙetaro iyaka da ita ba ta furta kalma ba. Takardunta duk cikin Faransanci suke, Kaltume kuwa tsoro ya hana ta sakat, kada wata rana a ce ta mayar da ita.

"Malam, rubuta kawai ni na haihe ta Kebbe," in ji Kaltume. "Wa za shi sani?"

"Uwatta ta sani," ya ce. "Abin da nika gudu ke nan. Ba ni binne mutum sau biyu."

Ta fita tana kuka. Na ji haushinsa ranar, ba zan ɓoye ba.

Amma kai ne, Malam, ka nemo mai fassara a Sakkwato. Kai ka hau babur cikin damina har Kebbe don mai unguwa ya sa hannu. Sau huɗu kotu ta ɗage zaman tabbatar da riƙo, sau huɗu ka koma da takardun a leda cikin riga. Ishe ka a bakin aiki, bar ka a bakin aiki.

Bayan wata goma sha ɗaya komai ya kammala. Al'adarsa ce kafin ya rufe fayil ya karanta sunaye da ƙarfi. Da rana tsaka, ba ko iska, ni da Kaltume da yarinyar muna zaune, ya miƙe ya karanta: "Ikram, ɗiyar marigayi Gazali da marigayiya Hamdiyya, riƙon Malami da Kaltume."

Labulen ƙofa ya ɗaga, kamar wani ya shigo. Mu huɗu muka gani. Yarinyar ta juya, ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta kama zanen Kaltume.

"Inna ta ce in zamna nan," in ji ta.

Shi kuwa ya amsa sallama a hankali, ya buga hatimi.

Mun gode, Malam. Allah Ya sa ka gama lafiya. Wanda ya gaji kujerarka ya gaji gaskiyarka, in hanyar ɓoye ta yi masa murmushi ya kau da kai.

Yau da hantsi ni na buɗe kabad ɗin. Na yi sallama.