Tambayar da Naja'atu Ta Ɗora a Ƙofar Shafin Manoman Maska

An haifi Naja'atu Ubaidullahi Maska ranar sha biyu ga watan Yuni, 1998, ita ce 'yar fari a gidan Malam Ubaidullahi, manomin masara. Saboda kunyar ɗan fari, mahaifinta bai taɓa kiran sunanta ba. "Ke" ce ko "yarinyar nan" tun tana rarrafe har ta gama karatun kwamfuta.

Da ƙungiyar manoman garin ta sayi tarakta, sai aka ɗora wa Naja'atu gina shafin intanet inda kowa zai shiga ya kama ranar huɗar gonarsa. Manhajojin shiga da ake samu a shirye duk adireshin imel suke nema, manoman kuwa ba su da shi. Don haka ta zauna ta rubuta nata tsarin: lambar waya da kalmar sirri, sannan babbar na'urar da ke riƙe da shafin ta tantance kafin ta buɗe. Wanda ya manta kalmarsa kuma sai ya amsa tambaya guda: mene ne sunan ɗanka na fari? Ta ce wa shugabannin ƙungiya ba mai manta wannan. Ba ta gaya musu akwai bakin da take so ta ji amsar daga gare shi ba.

Ruwan shuka na sauka, Malam Ubaidullahi ya manta kalmar sirrinsa. Ranarsa Laraba ce, kuma wanda bai shiga ya tabbatar ba, ta wuce shi. Ya miƙa wa Naja'atu wayar.

"Ke, buɗe mini abin nan naku."

"Baba, tambaya take yi. Wai sunan ɗanka na fari."

"Ai kin sani. Rubuta."

"Ni ma'aikaciya ce, Baba. Mai gona ne zai faɗa."

"Ce mata yarinyar nan."

Ta rubuta hakan, fuskarta ba alamar dariya. Na'ura ta ƙi. Malam ya karɓi wayarsa ya ce ba ƙarfen da zai koya masa rashin kunya.

A gefe kuwa Alhaji Mudi na zaune, taubashin Malam, wanda ba ya barin damar tsokanarsa ta wuce. Shi ba kunyar da ta ɗaure shi, shi ya raba goro ranar sunanta. Ya koma gida ya shiga da lambar Malam, ya amsa tambayar, ya sauya wurin aiki zuwa gonarsa. Ranar Laraba da hantsi tarakta na ta huɗa a can, Mudi na ɗaga wa Malam hannu.

"Ka gaida mini Naja'atu! Ka ji yadda ake faɗa?"

Malam ya yi huɗar bana da shanu, shukarsa ta makara. Bai yi wa 'yarsa faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo.

Naja'atu ta cire tambayar a ranar. Ta fara rubuta sabon tsari: wanda ya manta, maƙwabtan gonarsa biyu su shiga su shaide shi. Ta yi nisa sosai kafin ta tuna wanda ke iyaka da mahaifinta ta gabas: Alhaji Mudi. Tana cikin neman dabarar hana taubasai shaida aka kira ta aiki Kaduna, kuma sashen nan na masu mantuwa na nan a rufe yadda ta bar shi.