Bindiga Marar Shaida

Takarkarina ja ne mai karkataccen tozo, kuma nawa ne ni kaɗai. Mahaifina ya ba ni shi yana ɗan maraƙi ranar da aka kawo ni gidan miji a dajin Dakoro, inda muke zaune, ƴan bukkoki kusa da rijiya, muna noman gero muna kiwo. Shi ke ɗauko mini salkunan ruwa, shi ke kai ni kasuwar Kornaka da man shanu. Don haka ranar da maigidana ya zauna a bakin bukka yana ta kewaye-kewaye, yana yabon ƙibar takarkarin, na san akwai magana a ƙasa.

Maganar kuwa ta bindiga ce. A shekarar kuraye sun raina mu. Kusan kowace safiya sai a iske shinge a ɓarke, an ja tunkiya, ga jini har bakin daji. Kibiya ba ta hana su ba, ihu ma sun saba da shi. Maigida yana da gaskiya, ban musa ba. Amma tumakin da suka rage masa ba su isa sayen bindiga ba, dabba ɗaya ce a gidan mai wannan daraja.

Na ce masa, "Bindiga tana haihuwa? Tana ba da nono?"

Ya yi dariya ya ce, "To takarkarin naki hwa, yaushe ya haihu?"

"Shi ko wace ranar kasuwa na kai shi, da karsana zan dawo. In ka samo bindigar da za ta iya haka, ka ɗauke shi. In ba ka samo ba, kada ka ƙara yaba mani ƙibarsa."

Ya yarda, don ya ɗauka faɗa ce irin ta mata, gobe ta wuce. Bai san ni ba tukuna.

Daga ranar na sauya wurin zama a kasuwa. Na bar inuwar da mata ke jera ƙorai, na koma kusa da rumfar maƙeri, cikin hayaƙi da ƙarar masaba, har man shanuna yana narkewa. Ban damu da masu sayen sabuwar bindiga ba. Waɗanda nake kallo su ne masu dawo da tsohuwa su sayar, don wata rana a cikinsu za mu tsaya.

Bindigogi iri biyu ke zuwa mana a lokacin. Akwai ta arewa, wadda ke saukowa da ayarin gishiri, doguwa siririya, an yi mata ado da tagulla da tuntayen fata. Akwai kuma adaka, wadda fatake ke kawowa daga kudu, baƙa, mai nauyi, ba abin kallo a jikinta. Maza in sun ga ta arewa sai su manta da abin da ya kawo su kasuwa. Amma na lura, wanda ya dawo da ita yakan wuni a tsugune, ana ɗagawa ana yabawa ana ajiyewa. Adaka kuwa ba ta kai azahar. Maharba ke sayenta, kuma tambayarsu ba ta wuce biyu: maƙeri na iya gyaranta in kunamar ta karye, ana kuma samun ƙanƙarar ƙyasta wuta da ta dace da ita? Na ji wannan tambaya har na haddace.

Wan mijina, wanda bukkarsa ke gabas da tamu, shi ma ya shiga neman bindiga. Ya fi mu dabbobi, ya kuma fi mu son a gan shi. Rana ɗaya suka saya. Shi ya ba da bijimi da raguna ya ɗauki ta arewa. Mu muka tsaya gaban wani bafatake mai adaka, na ce sai an gwada. Aka cika ta da albarushi fiye da yadda ake zuba mata, aka ɗaure ta a jikin aduwa, aka ja kunamar da doguwar igiya. Ta yi tsawa har jakuna suka tsinke, amma bakinta bai tsage ba. Bafataken ya kama igiyar takarkarina. Ban tsaya na ga an tafi da shi ba, na juya ina gyara faifan ƙwarya, hawaye na zuba a ciki.

A hanya Yaya yana ta zolaya. "Ƙanena, taɓarya matarka ta zaɓa maka?" Ni kuwa a ƙasa nake tafe, kuma daga ranar a ka zan riƙa ɗauko ruwa.

Dangin mijina suna da shaidarsu, alama ce kamar sawun kaza, da ƙarfe mai zafi ake ɗora wa dabba a cinya. Ba dabba kaɗai ba. Akushi, turmi, sirdin jaki, duk abin da ya shigo hannunsu sai ya sha wuta, in ba haka ba hankalinsu ba ya kwanciya cewa nasu ne. Washegari da hantsi na dawo daga rijiya, wuyana kamar zai karye, na iske su biyun sun hura wuta. Yaya ya riga ya ɗora wa tasa a itacen gindi, ƙaurin yana tashi. Maigida ya ɗora adakar a gwiwa, ƙarfen ya yi ja a hannunsa.

Na dire tulun har ya fashe.

"Mi za ka yi da ƙarhen ga?"

"Shaida zan sa mata mana. Ba tamu ba ce?"

"Takarkarina ce! Ka taɓa ganin an sayi raƙumi mai shaidar wasu da daraja? Aje shi!"

Yaya ya ce ba a taɓa jin mace ta shiga maganar shaida ba. Na ce masa, da ladabi iyakar yadda zan iya a lokacin, ba a taɓa jin an sayi bindiga da takarkarin mace ba ma. Maigida ya dube ni, ya dubi wansa, kunya ta kama shi. Ƙarfen ya huce a hannunsa bai ɗora ba. Ya yi kwanaki ba ya cin tuwona da daɗin rai, ni kuwa ban ba shi haƙuri ba.

Adakar ta yi aikinta. Kura biyu ta kashe, sauran suka koyi kewaye mu. Maigida ya shaƙu da ita, yana shafa mata man shanu don tsatsa, ya ɗinka mata kube na fatar akuya. Wani lokaci har kishi nake yi. Tumaki suka yaɗu, muka samu shanu kaɗan, amma ban sake yin takarkari ba, kullum ana cewa sai baɗi.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke bayan gero ya yi ciki. Maza suka kora dabbobi arewa wajen Azagor neman ciyawa, suka dawo da fatu a kafaɗa. Muka ci ganye, muka ci ƙarangiya, Allah ya raya mu. Da damina ta zagayo ruwa ya sauka kamar da gayya, ciyawa har gwiwa, ga shinge babu bakin da zai ci. Wannan ya fi yunwar yi mini ciwo.

Maigida da kansa ya sauko da adakar wata safiya ya ce in shirya mu tafi kasuwa. Yaya ma ya ɗauko tasa.

A rumfar maƙeri muka tsuguna, wurin da na taɓa zama ina kallon wasu. Wani maharbi daga wajen Ɗan Gulbi, inda shanu suka ɗan tsira a bakin kwari, ya fara ɗaukar ta Yaya. Ya yaba tagullar, ya juya gindin, ya ga sawun kaza, ya ajiye a hankali.

"Ka yi haƙuri, malam. Duk garin da na shiga da wagga sai an tambaye ni inda na samo kayan mutane."

Ya ɗauki tamu. Ya leƙa bakinta, ya ja kunamar ya saurara, sannan ya juya gindin yana shafawa da yatsa, sama da ƙasa.

"Ta wane gida ce?"

Maigida ya ce, "Ta wanda ya saye ta ce."

Kafin azahar mun kamo hanya da karsana ja, cikinta ya fara nunawa. Maigida ya bar wa maharbin har kuben, kuma yana ta waiwaye har muka hango bukkokinmu. Na san abin da yake ji, na taɓa bin wannan hanya da irinsa. Yaya kuwa tagullar kawai maƙeri ya ɓamɓare ya saya. Ban yi masa gori ba, ko da yake bakina ya yi ƙaiƙayi, kuma da nono ya samu ƴaƴansa suka sha tare da nawa.

A ƙofar bukka karsanar ke kwana, igiyarta a kusa da hannuna. Wata safiya ina tankaɗe na ji maigida yana kira daga bayan shinge.

"Ke, taho ki gani! Bindigar taki ta haihu!"

Maraƙa ce, ja, tana ta ƙoƙarin miƙewa a cikin raɓa. Duk jajayen shanun da ke shingenmu yau daga tsatsonta suke. Da ta yi ƙwari maigida ya ɗauko ƙarfen shaida, ya tsaya yana kallona. Na karɓi mafici na hura masa wutar.