Kaset ɗin Kaka a Faifan Kawu

Kaka tana da wani gyaran murya da take yi kafin ta faɗi magana mai nauyi. Sau biyu take yi, na farko gajere, na biyu da ɗan ja, sannan ta ce bismillah. Ta daɗe da rasuwa, kuma ban taɓa zaton zan sake jin sa ba, balle a ɗakin hutun ma'aikata, da azahar, ina cin shinkafar da na zo da ita daga gida. Wata abokiyar aiki ce ta turo mini a waya, ta rubuta a ƙasa: "Wannan ba kawunki ba ne? Mashallah, ashe kuna da babban mutum." Sabon faifan Kawu ne, wanda wasu samari masu situdiyo suka lallaɓo shi ya yi da tsufansa. Na danna kiɗa na huɗu don shi ne mafi gajarta. Sai na ji Kaka ta gyara murya sau biyu.

Ya kamata in faɗa maka tun yanzu cewa ban san kiɗa ba. Gwajin jini na karanta a jami'a, aikina shi ne in tabbatar sakamakon wani bai faɗa hannun wani ba. Saboda haka in na ce faifan nan ba shi da daɗi, mai yiwuwa kunnena ne bai waye ba. Na ga waɗanda suka fi ni ilimi sun yaba. Amma na yi shekara goma ina jin busar nan a saman kaina, kuma ina ganin hakan ya ba ni ɗan haƙƙin magana.

A unguwar Hindawiyya ta Jidda na tashi, a hawa na biyu na wani tsohon bene da gishirin teku ya cinye fentinsa. Ɗaki biyu ne da falo. Da zafi ya kama, iska takan yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo, mukayyif ɗinmu, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ta gurnani yana ɗiga ruwa cikin bokiti. Da safe gidan ƙamshin gurasar kisra yake yi da gahawa mai citta, da yamma turaren wuta. Kaka tana ɗaura kuka da yaji da daddawa a ƙananan ledoji, ta kai kasuwar Bab Makka ta sayar wa masu marmarin miyar gida. Aikin Hajji ya kawo ta daga Mai Wurno ta Sudan tun tana da ƙarfinta, ta zauna, takardar zama kuwa ba ta taɓa samu ba.

Lokacin Hajji shi ne lokacin girbinmu. Falo yakan cika da baƙi daga Sudan da Najeriya, a yi ta kwana kafaɗa da kafaɗa, kuma kowace jaka da aka kwance akwai kaset a ciki. Yawancin tsofaffinmu ba sa karatu, don haka da murya ake wasiƙa. A zauna a gaban rikoda a gaida kowa da sunansa, a faɗi wanda ya haihu da wanda ya rasu, a naɗe kaset a ƙyalle a ba matafiyi. Ban taɓa jin wanda ya ɗauki saƙon nan da wasa ba. Mutum zai iya manta dabinon da ya saya wa 'ya'yansa, amma ba ya manta kaset ɗin mutane.

Ina da shekara shida Kawu, yayan Umma, ya iso daga Hartum da iƙama, wato takardar zama, ta mai gyaran mukayyif, da wani baƙin akwati. A cikin akwatin saksafon ne. Ya ce shi shugaban makaɗa ne, yana da mutum shida a ƙarƙashinsa, suna yin wani irin jaz da Hartum ba ta kai ta gane ba tukuna. Umma ta ce abin da ta sani shi ne an kore su daga biki biyu. Bayan la'asar yakan hau saman bene, ya cusa tawul a bakin abin don kada maƙwabta su kai ƙara, ya yi ta busa. Ba ka iya bi, ba ka iya amsawa, ba ka sanin ya fara ne ko gwaji yake. Tantabarun maƙwabcinmu sun yi ƙaura a wata na biyu. Kaka kuwa ba ta taɓa kiran abin da sunansa ba. "Je ki ce masa abinci ya sauka," takan ce mini, "ya ɗaure jakin nan ya zo."

Shi ko a jikinsa. Yakan ce waƙa mai amshi ta yara ce, duk wanda aka gane a zamaninsa ɗan talla ne.

A shekarar da na cika takwas aka aiko cewa mahaifiyar Kaka ta rasu. Kaka ba ta je ba, don in ta fita ba ta da hanyar dawowa, ga 'ya'ya ga jikoki a nan. Ƙanwarta, wadda muke kira Ƙaramar Kaka, ita ta yi jinyar tsohuwar ita kaɗai. Kaset ɗinta ya zo ta hannun alhazai, kuma shi ne mafi gajarta da na taɓa ji. Babu gaisuwa. "Uwa ta kira sunanki har ta gaji. Ki zauna da Jiddarki." Sai kaset ya ci gaba da juyawa babu kowa a ciki.

Kusan shekara Kaka ta yi kafin ta amsa. Wata Juma'a da hantsi, ana saura kwana biyu Kawu ya tafi hutu Sudan, ta yi wanka, ta yafa farar laffayarta, ta shafa turare kamar rikodar tana da hanci. Ta sa aka kashe mukayyif don kada gurnaninsa ya shiga. Muka zauna muna zufa, ba mai motsi. Ta gyara murya sau biyu. Ta yi magana har gefe ɗaya ya cika. Ba duka na gane ba a lokacin, amma na ji ta ambaci wata bishiyar tsamiya da suke hawa, na ji ta ce ita ce babba amma ita ta durƙusa, na ji ta ce ki yafe mini. Ta naɗe kaset ɗin da kanta ta sa a hannun ɗanta.

Bayan wata biyu ya dawo da ƙiba da sabon tabarau.

"Ka ba ta?"

"Na ba ta."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba."

Kaka ta kalli ledojin da ke gabanta. "Halas, shi ke nan," ta ce, ta ci gaba da ɗauri.

Ba ta sake tada maganar ba. Amma duk shekara in baƙi suna kwance jaka, takan samu dalilin tsayawa a bakin falo har a gama. Umma ce ta ɗauki fushin. Da Ƙaramar Kaka ta rasu, ba ta aika ta'aziyya ba. Da 'yar marigayiyar, wadda suka yi wasan ƙasa tare da Umma, ta zo umra ta bugo waya, Umma ta ce in ce ba ta nan. Na faɗa, don ni yarinya ce mai yin abin da aka ce.

To, ka ji abin da ke cikin kiɗa na huɗu. Sun yanka muryar Kaka gutsi-gutsi. Tsamiyar tana nan, rabin jimla. "Ki yafe mini" kuwa sun maimaita shi sau takwas, na ƙirga, kamar aku aka koya wa, Kawu yana bin kowanne da kukan jakinsa. A bangon faifan ga shi nan da tabarau a gaban tsohuwar taga ta katako, yana kallon nesa kamar wanda aka zalunta. An rubuta cewa ya riga zamaninsa, an kuma rubuta cewa muryar ta wata tsohuwa ce da ba a san ko wace ce ba.

Ba na son ɗaukar alhakin mutum. Na ce wa kaina wataƙila kwafa ya yi kafin ya kai. Da wannan zaton na same shi a ɗakinsa na unguwar Ammariyya ranar Asabar da safe, yana shan shayi, faifan a jingine inda duk mai shigowa zai gani.

"Kawu, muryar Kaka ce."

"Kin ji yadda ta karye a wajen yafe ɗin nan?" Har ya ajiye kofi. "'Yar nan, babu makaɗin da zai iya wannan. Shekara talatin ina neman abin da zai zauna da ita."

"Ka ce ka ba ta."

Bai ko sunkuyar da kai ba. Ashe bai je Mai Wurno ba sam. A Hartum ya ƙare hutunsa yana neman tsofaffin yaransa ko za su sake haɗa ƙungiya. Sai a jirgi ya ga kaset ɗin a akwatin saksafon. Ya ce ya yi niyyar kai wa a hutu na gaba, sai ya saurara, sai ya ga ba abin rabuwa ba ne.

"Ai yanzu duniya ta ji," ya ce.

"Ba duniya ta aika wa ba, Kawu."

Na roƙe shi kaset ɗin. Ya ce ya tsinke a hannun samarin. Na ce to cikakken abin da suka kwafa. Ya ce sun ɗauki abin da ake buƙata sun goge sauran. Haka ya ce, abin da ake buƙata. Sannan ya tambaye ni ko na saurari kiɗa na shida, wai nan ne ainihin aikin yake.

Mako uku na yi ina juya maganar. Umma tana da hawan jini, ni nake duba sakamakonta, na san inda yake. In na faɗa, na raba ta da yayanta, shi kaɗai ya rage mata. In na yi shiru, ta ci gaba da ƙin mutanen da ba su yi mata komai ba. Na rubuta yadda zan fara sau huɗu na yaga. A ƙarshe na ajiye waya a gabanta tana tsinke ganyen mulukiyya, wato lalo, na danna.

Hannunta ya tsaya tun a gyaran murya. Ta saurara har ƙarshe.

"Rage jakin nan in ji uwata."

"Ba ya raguwa, Umma. A haɗe suke."

Ba ta zagi Kawu ba, kuma ina ganin da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta ce in nemo mata lambar 'yar Ƙaramar Kaka. Da na samo, ta ƙi bugawa. Ta kashe mukayyif, ta sa na sake kunna kiɗan a wayata, ta kanga tata wayar a kai ta naɗa, ta aika ba tare da ta ƙara kalma ba.

A zamaninmu saƙo yakan yi wata a jaka, kuma sai abin da ɗan aike ya faɗa. Yanzu kana gani da idonka ya isa, kana gani an buɗe. Ban ce hakan ya gyara mutane ba, amma ya rage wa irin su Kawu aiki. Kafin mulukiyya ta nuna amsa ta shigo. Muryar tsohuwa ce, tana magana tana jan hanci. Ta ce uwarta ba ta taɓa barin alhaji ya sauka a garin ba sai ta aika an tambaye shi ko akwai saƙo daga Jidda. Ta ce ta yafe a madadinta, duniya da lahira. Har na zaci ta gama.

"Amma 'yar'uwa," ta ce, "wa ke yanka akuya a bayanta?"

Umma ta danna maɓallin naɗar murya ta riƙe, ta gyara murya sau biyu.